Goge a Bakin Kogi

A ƙasar Hausa babu kiɗan da ba shi da mai shi. Tambari na sarki ne, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma kuwa ta mai gayya ce. In makaɗi ya ɗaga murya, suna yake nema. In ya kama sunan mutum, ya haɗa da na ubansa da na kakansa, to, dole mutumin nan ya sa hannu a aljihu, ko yana so ko ba ya so. Shi ya sa mai hankali yakan ƙidaya abin da ke jikinsa tun kafin ya doshi wurin da ake kiɗa. Shi ya sa kuma ake son kiɗa, amma ba a son haɗa jini da makaɗi. Magidanci zai zauna gaban rediyo yana jin Shata ko Ɗanƙwairo har tuwonsa ya huce, amma ran da ɗansa ya ce zai rataya kalangu, ran nan ba mai barci a gidan.

Goge kuwa ya fi su duka shan tsana. A kwarin Maraɗi, inda bori ya daɗe da kafa gindi, goge ne ke kiran iskoki su hau, shi ne kuma ake ji da dare daga gidajen da mutumin kirki ba ya so a gan shi a ƙofarsu. Liman ya yi wa'azi a kansa, fasto ma ya yi. Da wuya a sami abin da masallaci da majami'a suka haɗa baki a kai kamar wannan.

Da irin wannan zuciya wani dattijo na ƙasar Maraɗi ya sauka a birnin Boston na Amurka, wurin 'yarsa ta fari, domin a cire masa yanar ido. Manomi ne, ya ba saba'in baya. 'Yar tana aikin jinya a wani asibiti, mijinta yana tuƙin motar haya, suna da yarinya ɗaya mai shekara 13 wadda aka haifa a can. Hausar yarinyar gurguwa ce, da sandar Turanci take dogarawa. Duk da haka tsohon ya ɗauke ta da wasa tun daga filin jirgi, yana ce mata amarya, yana tambayarta ina tuwon ango, ita kuwa tana cewa ya tsufa, ba ta so.

A rana ta uku da zuwansa, wajen la'asar, sai ya ji wani sauti yana fitowa daga ɗakin yarinyar. Bai bukaci kowa ya gaya masa ba. Kukan izga a kan tsirkiya ba ya ɓoyuwa, ko a wace ƙasa aka yi shi. Ya kira 'yarsa. Da yake ta fari ce, bai taɓa kama sunanta ba tun da aka haife ta.

"Ke, wa ke goge a gidan nan?"

"Baba, ba goge ba ne. Darasin makaranta ne."

"Idona ne ke ciwo, ba kunnena ba."

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, gama ta zo a kan gaɓa. Shekara huɗu ke nan yarinyar tana koyon gogen Turawa a makaranta. Malamarta ta ce tana da kunne, tana da hannu, ta kuma ba da shawara a kai ta gwajin shiga wata ƙungiyar makaɗa ta matasa idan hutu ya ƙare. Takardar tana jiran sa hannun iyaye. Uban yarinyar ya ce shi ba zai sa hannu ba alhali surukinsa yana cikin gida yana ɓata rai. Uwar ta rasa inda za ta sa kanta, ga uba ga 'ya. Yarinyar kuwa ta tura akwatin gogen ƙarƙashin gado, ta daina wasa da kakanta, sai gaisuwar safe kurum, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Aka yi aikin ido lafiya, aka cire bandeji, tsohon ya soma ganin duniya sarai, abin da ya fara gani kuwa shi ne fuskar jikarsa a murtuke.

Surukin ne ya yi dabara. Wata Laraba a cikin watan Agusta ya ajiye mota da wuri, ya zo ya durƙusa.

"Baba, yau za mu je bakin kogi shan iska. Ana ɗan kiɗa a wurin."

"Bikin wa?"

"Ba bikin kowa ba ne, Baba."

"Nawa ake shiga?"

"Kyauta ne."

Tsohon bai ce kome ba. Ya san kyautar makaɗi, shiga ce kyauta, fita ita ce da kuɗi. Ya shiga ɗaki, ya ware takardun dala ɗai-ɗai guda biyar, ya ninke su, ya sa a aljihun gaba inda hannu zai kai da sauri in an kama sunansa. Sa'an nan ya sa babbar riga da hula, ya ce su tafi.

Suka shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, suka sauka, suka taka kaɗan, suka hau wata gada ta masu ƙafa wadda ta tsallake babbar hanyar mota. Daga kan gadar aka ga kogin.

Ya kamata mai karatu ya san wurin nan, gama labarinsa ya shafi maganar kyauta. Siririn fili ne mai ciyawa da itatuwa, ya bi gaɓar kogin Charles har tsawon kusan kilomita biyar. Da can ba haka yake ba. Ruwan teku ne ke shiga yana fita, in ya janye ya bar taɓo mai wari, har sai da aka datse bakin kogin a 1910, ruwan ya tsaya wuri ɗaya kamar tafki. Bayan haka wata gwauruwa mai dukiya, Helen Storrow, ta ba da dala miliyan ɗaya, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ba, domin a faɗaɗa gaɓar a mai da ita wurin hutawar jama'a. Ba ta so a yi hanyar mota a wurin ba ko kaɗan. Ta rasu a 1944. A 1951 aka buɗe babbar hanyar nan da suka tsallake, aka kuwa sa mata sunan mijin matar. Mai kyauta ba shi da ta cewa bayan ransa, ko a Amurka.

A cikin filin akwai rumfar makaɗa, ginin dutse mai kama da rabin ƙwarya da aka jingine, bakinta yana fuskantar jama'a. An lulluɓe cikinta da katako domin ya tattara sauti ya turo shi waje. An gama ta a 1940 da kuɗin wasiyyar wata mata, Maria Hatch, wadda ta bar dala dubu 300 a yi abin tunawa da ɗan'uwanta Edward. A jikin ginin an jera sunayen manyan masu tsara kiɗa na zamanin da.

Amma kiɗa ya riga rumfar zuwa. Wani makaɗi a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin, Arthur Fiedler, shi ne ya bi attajirai yana neman gudummawa, har ya fara kiɗan kyauta a bakin kogin ran 4 ga Yuli, 1929. Hujjarsa ita ce, tun da yake talaka yana iya shiga ɗakin karatu na gari ya karanta manyan littattafai ba tare da ya biya ba, ba daidai ba ne babban kiɗa ya zama na masu kuɗin tikiti kaɗai. Sunan nan Fiedler, a Jamusanci, ma'anarsa mai goge. Ubansa ma mai goge ne a wannan ƙungiya, wato shi gado ya yi. Ya shekara 50 yana jagorar kiɗa a bakin kogin kafin ya rasu a 1979, gadar masu ƙafa kuwa sunansa aka sa mata. Babban taron wurin shi ne na 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, wanda tun 1974 ake haɗa shi da harbin igwa da wasan wuta. A 1976 an ƙiyasta mutum dubu 400 suka taru. Na ranar Laraba ba ya kai ko kusa. Wata ƙungiya ce dabam ke yinsa, Boston Landmarks Orchestra, wadda Charles Ansbacher ya kafa a 2001 musamman domin kiɗan kyauta. Tun 2007 take zuwa rumfar nan a watannin zafi.

Ƙarfe bakwai saura suka isa, rana kuwa tana nan a sama ba ta da niyyar faɗuwa. A gida damina ce, hatsi ya soma fid da kai, tsohon ma tun safe zancen gonarsa yake yi. A nan kuwa mutane ne shimfiɗe a kan ciyawa, waɗansu a bargo, waɗansu a kujerun ninkewa, ga kwandunan abinci, ga jarirai, ga karnuka a igiya, ga tsofaffi a keken guragu. A kan ruwa ƙananan jirage masu farin ƙyalle suna tafiya da iska. Can gaba jirgin ƙasa yana wucewa a kan wata doguwar gada mai hasumiyoyi. Tsohon ya duba ko'ina bai ga ƙofa ba, bai ga mai karɓar kuɗi ba. Ya nemi inda manya ke zama a kan ciyawar, irin wurin da ake ajiye wa mai gari da alhazai ko da za su zo a makare, bai gani ba. Wanda ya riga zuwa shi ya riga zama. 'Yarsa ta shimfiɗa tabarmar roba, ta buɗe masa kujera.

Da sabon idonsa ya ƙidaya makaɗan. Sun haura hamsin, fiye da rabinsu kuwa masu goge ne, ƙanana a wuya, matsakaita a tsakanin gwiwoyi, manya kuma a tsaye, sun kai mutum tsawo. Akwai mata, akwai masu furfura, da yawa da tabarau. Kowa da takarda a gabansa. Sai wani mai busa ya ja sauti ɗaya, duk suka bi shi, kowa yana nasa, kamar kasuwar awaki.

"Wannan ne kiɗan?"

"A'a, Kaka. Suna gyara murya ne."

Ita ce doguwar magana ta fari da yarinyar ta yi masa cikin mako biyu.

Kafin a fara, wani mutum ya fito ya kama lasifika, ya yi ta jero magana, jama'a suna tafi. Tsohon ya taɓa surukinsa ya ce ya fassara. Surukin ya ce godiya ake yi wa waɗanda suka ba da kuɗi, bankuna da kamfanoni da gidajen masu hali, da hukumar jiha mai kula da filin, ana kuma roƙon wanda ya ji daɗi ya taimaka da abin da ya samu. Sai tsohon ya yi dariya, irin dariyar wanda ya kama ɓarawon da ya daɗe yana dako.

"Malam, ka ce ba a kiran suna. To, ga sanƙiransu nan. Roƙo dai roƙo ne, ko ya sa kwat."

Gaskiya kuwa yana da hujja, bai kamata a raina ta ba. Babu kiɗan da ke faɗowa daga sama. Mutum hamsin ɗin nan sana'arsu ke nan, suna da kuɗin haya a kansu, wani ne kuma ya biya. Attajirin Boston ma yana son a ji sunansa kamar yadda attajirin Maraɗi yake so, in ba haka ba da ba a sa sunan Hatch a rumfa ba. Haka kuma raina makaɗan gida da ake yi ba adalci ba ne. Da bakinsu aka riƙe sunayen sarakunan Gobir da na Katsina sa'ad da ba mai rubutawa, wanda kuwa ya ci moriyar ganga bai kamata ya ya da kwaurenta ba. Amma akwai bambanci, tsohon ma ya lura da shi kafin dare ya yi. A bakin kogin nan an kira sunan sau ɗaya, ba kirari, aka ajiye shi, bai shiga cikin kiɗan ba. Wanda bai ba da ko anini ba kuma ba a yi masa zambo ba. Makaɗin gida yana da baki biyu, na yabo da na zambo, tsoron na biyun ne kuwa ke buɗe aljihu fiye da daɗin na farin. Duk daren nan tsohon yana jiran bakin na biyu, bai zo ba.

Sa'an nan jagoran ya fito, mutumin da ba ya riƙe da kome sai ɗan tsinke. Ya rusuna sau ɗaya, ya juya wa jama'a baya. Wannan ya ba tsohon mamaki fiye da kome. Makaɗi da idonsa yake farauta, yana duba wa ya shigo, wa ya sa sabuwar riga. Wanda ya ba ka ƙeya ba aljihunka yake kallo ba.

Aka yi 'yan gajerun kiɗe-kiɗe, aka huta. Tsohon ya ci ƙosan da 'yarsa ta soyo, ya ce ba laifi, amma kiɗan ba shi da gindi, mutum bai san inda zai sa ƙafa ba. Rana ta sauka bayan gine-ginen ƙetaren kogi, ruwan ya yi ja, iska mai sanyi ta taso. Yarinyar ta buɗe 'yar takardar da aka rarraba, ta ce saura babban, zai ɗauki wajen minti 40, kashi huɗu ne, babu waƙa a ciki ko kalma ɗaya. Ta soma fassara masa labarin mai shi, tana tuntuɓe, uwarta tana tallafa mata.

Sunansa Antonin Dvorak, mutumin ƙasar Cek ne a tsakiyar Turai. An haife shi a 1841 a wani ƙauye kusa da birnin Prag. Ubansa mahauci ne, yana kuma da masauƙin baƙi.

"Ɗan mahauci? Ai dama kalangu a ƙofar gidansu yake kwana," in ji tsohon. Yarinyar ba ta gane ba, amma ta ga uwarta ta yi dariya, ita ma ta yi.

Ɗan mahaucin nan ya yi shekaru yana goge a gidan wasan kwaikwayo kafin sunansa ya fito. A 1892 wata mata mai hali, Jeannette Thurber, ta ɗauko shi zuwa Niyu Yok ya shugabanci makarantar kiɗa da ta kafa, a kan albashin dala dubu 15 a shekara, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Makarantar tana karɓar mata da baƙaƙen fata, abin da ba a saba ba a zamanin. A cikin ɗaliban akwai wani saurayi baƙar fata, Harry Burleigh, wanda kakansa ya yi bauta, a bakin kakan nan kuma ya koyi waƙoƙin da bayi ke yi. Yakan rera wa Dvorak su. Baƙon nan daga Turai ya fito fili ya gaya wa 'yan jarida cewa in Amurka tana son kiɗa nata na kanta, to, a kan waƙoƙin baƙaƙen nan za ta gina shi. Waɗansu manyan masana kiɗa na Boston ba su ji daɗin maganar ba. Shi kuwa ya zauna ya tsara wannan dogon kiɗa, ya sa masa suna "Daga Sabuwar Duniya", aka fara kaɗa shi a Niyu Yok a watan Disamba na 1893. Bai ɗauki waƙar kowa ya sa a ciki ba, nasa ya yi da irin ruhunsu. Kewar gida kuwa ba ta sake shi ba, duk da albashin. A 1895 ya tattara ya koma.

"Ya yi hankali," in ji tsohon.

Kashi na fari ya zo da ƙarfi, da tambura da ƙahoni, ya wuce. Jama'a suka tafa, ko da yake a cikin babban zauren kiɗa ba a tafi sai an gama duka. A waje ba mai hana kowa.

Kashi na biyu ne ya kama shi. Masu ƙahonin tagulla suka fara a hankali, can ƙasa-ƙasa, kamar ana buɗe ƙofar zaure da dare. Sa'an nan gogen duka suka kwantar da murya, wani abin busa guda ɗaya ya ɗauka. Dangin algaita ne, gama shi ma da ɗan kara ake busa shi a baki. Amma algaita ta hawan sarki ce, mai ita yakan cika kumatu ya tsaga gari da ƙara. Wannan kuwa muryarsa a sanyaye take, kamar mace tana waƙar niƙa da asuba, ba don kowa ya ji ba. Sautin yakan hau kaɗan, ya komo inda ya fito, ya sake hawa, ya komo. A 1922 wani almajirin Dvorak, William Arms Fisher, ya sa wa wannan sauti kalmomi a kan komawa gida, har mutane da yawa a Amurka suna tsammani tsohuwar waƙar bayi ce, suna rera ta a wurin jana'iza. Tsohon bai san wannan ba, ba a kuwa gaya masa ba. Filin dai ya yi tsit. Wajen ƙarshe sautin ya komo a hannun masu goge, ba dukansu ba, 'yan kaɗan na gaba. Suna cikin tafiya sai suka tsaya cak. Suka ci gaba, suka sake tsayawa, kamar mai ba da labari wanda kuka ya shaƙe. A cikin shirun nan ana jin motoci a babbar hanya, ana jin wani jariri can baya. Daga nan ya rage goge biyu, ƙarami da babba, suna amsa wa juna.

Yarinyar ta waiwaya domin ta ga ko kakanta yana gyangyaɗi. Ta ga ya jawo hularsa har ta rufe gira, yana share ido da hannun riga. Uwarta ta ce a hankali, maganin likita ne ke sa masa hawaye. Ba wanda ya ƙara magana.

A kashi na uku ya farfaɗo. Ya nuna wani mutum a layin baya mai rungume da ƙaton ƙaho kamar tulu, ya ce tun ɗazu yake lura da shi, ba ya yin kome. Haka ne kuwa. A cikin kiɗan nan duka, busa 14 kaɗai Dvorak ya rubuta wa babban ƙahon, dukansu a kashi na biyu. Fayafayan tagulla ma sau ɗaya tak ake buga su, a kashi na huɗu, ba da ƙarfi ba.

"Malam, shi ma biyansa ake yi?"

"Ana biyansa, Baba."

"To, wannan ya fi su duka wayo."

Kashi na huɗu ya zo kamar hadarin gabas, duk sautukan da aka ji a baya suka komo suna karo da juna. Mai sauraro zai ɗauka da tsawa za a rufe. Amma bugun ƙarshe da ya sauka, sai masu busa suka riƙe shi, suka yi ta sassautawa har ya ɓace a cikin iskar kogin. Jama'a suka miƙe suna tafi. Makaɗan suka rusuna, suka sa kayansu a akwati, suka kama hanya kamar ma'aikatan da aka tashi daga ofis. Waɗansunsu ma tare aka hau gadar da su, da goge a rataye a baya. Hannun tsohon yana kan aljihun gaba, ba wanda ya zo.

A bakin hanya akwai masu aikin sa kai suna karɓar gudummawa. Ya tsaya.

"Amarya, tambaye ta, in na sa za a kira sunana?"

Yarinyar ta tambaya. Matar ta yi murmushi ta ce a'a. Ya yi shiru yana tunani, sa'an nan ya zaro biyu ya sa, ya mai da uku aljihu.

Da dare, bayan kowa ya kwanta, ya tarar da 'yarsa a ɗakin girki tana shirin aikin asuba. Ya zauna, bai dube ta ba. Ya ce yana da ya, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. An yi mata aure ba ta so, ta gudu sau uku, a na huɗun ta bi masu goge. Ubansu ya ce kada a ƙara kama sunanta a gidan, ba a kuwa ƙara ba. Sau ɗaya ya hango ta a wata kasuwa, yana saurayi, ana liƙa mata kuɗi a goshi, ya sauya hanya. Bayan shekaru aka ji ta rasu a kudu, ba wanda ya je. 'Yar ta kai shekara arba'in da 'yan kai ba ta taɓa jin tana da wannan gwaggo ba. Ta tambayi sunanta. Ya faɗa, a hankali, sa'an nan ya tashi ya tafi ya kwanta.

Kashegari ya ce a kawo masa akwatin. Yarinyar ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Bai taɓa gogen ba. Bakan ya ɗauka, ya kai kusa da sabon idonsa, ya shafa gashin da babban yatsa. Yarinyar ta ce ba a taɓawa, maiƙon hannu yana ɓata shi. Ya ce ya sani. Izgar doki ce. Ya ga wani ɗan dunƙule mai ruwan zuma a gefen akwatin, ya sansana. Ƙaro ne, irin wanda ake goga wa izga domin ta kama tsirkiya, kamar yadda masu gogen gida ke yi. Ta soma nuna masa bambanci, wai wannan katako ne ba ƙwarya ba, babu fatar guza, tsirkiya huɗu ce ba ɗaya ba.

"Ka gani, Kaka, ba goge ba ne."

"Goge ne, amarya. Makaranta kawai ya yi."

Bai ce ta kaɗa masa ba, ita ma ba ta yi tayi ba. Da surukin ya komo da yamma ya zo gaisuwa, tsohon ya ce, "Malam, 'yarka ce. Ni baƙo ne, baƙo kuwa ba ya raba gado." Duk wanda ya san bakin dattawa ya san abin da wannan ke nufi. Amma ya kafa sharaɗi biyu. Na fari, kada ta taɓa yin kiɗa a wurin da za a liƙa mata kuɗi, ko bikin wa ake yi. Na biyu, kada a aika hotonta da abin nan gida, ko ta waya ko ta hannun wani. Uwar ta so ta yi magana a kan na biyun, mijinta ya yi mata ido. A daren nan aka sa hannu a takardar.

Ya koma gida da kaka, ya tarar an soma yankan hatsi. Sharaɗin hoto yana nan, ba a karya shi ba. In 'yan'uwa suka zo gaisuwa suka tambayi jikarsa ta Amurka, me take yi, yakan ce tana karatu. In suka ce karatun me, sai ya ce irin nasu na can, mai layi biyar-biyar, sa'an nan ya tambaye su nawa ake sayar da tiyar wake a kasuwa.